Baccarat Rouge 540: Yadda Na Auna Shi Kafin Ya Shiga Akwatin Lefe

Kwalbar Baccarat Rouge 540 mai cin mililita 70 ta haura dala 300 a shagunan masu ita. In aka juya kuɗin a canjin naira 1,500 kan kowace dala, ana maganar kusan rabin miliyan ne, tun kafin ɗan kasuwar da ya ɗauko ta daga waje ya ɗora ribarsa. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wato mai wannan albashi sai ya yi wajen wata bakwai bai taɓa ko sisi ba kafin ya riƙe kwalbar a hannunsa. Wannan turare ne ƙanina ya rubuta a saman takardar kayan lefensa, ya ja masa layi, ya miƙo mini, tunda ni ce babbar yayarsu kuma haɗa lefe a gidanmu a wuyana yake.

"Yaya, duk abin da kika ga dama ki rage, amma wannan ki bar shi."

Na tambaye shi ko ita yarinyar ce ta ce tana so. Ya ce ba ta ce ba, amma shi ake yayi.

Ban ce masa a'a ba. Ni ma mai son ƙamshi ce, kuma na san matsayin turare a cikin lefe. Mata in sun zo gani, da sun gama da atamfofi da lesuka da gwal, kwalaben turare suke ɗagawa su jujjuya su karanta suna. Na kuma san yaron nan da guminsa ya tara kuɗin, so yake ya fita kunyar yarinyar da ta yi haƙurin jiransa. Abin da na nema kawai ya ba ni lokaci, don ba zan miƙa kuɗin da ya fi na rabin atamfofin lefen gaba ɗaya a kan abin da babu ko mutum guda a gidanmu da ya taɓa sa shi a jikinsa ba. Da Hajiyarmu ta ji farashin, tambaya ɗaya ta yi: "Wannan wane irin turare ne, da zinariya aka dama shi?"

Akwai zinariya a labarin, amma ba a cikin ruwan turaren take ba. Baccarat sunan wani gari ne a yankin Lorraine na gabashin Faransa, kuma sunan masana'antar gilashi mai daraja da aka kafa a can a 1764. Da ta cika shekara 250 a 2014, sai ta nemi Francis Kurkdjian ya haɗa mata turaren biki. Mutumin haifaffen Paris ne mai asalin Armeniya. Shi ya haɗa Le Male na Jean Paul Gaultier a 1995 tun bai kai shekara 30 ba, a 2009 ya buɗe gidan turarensa tare da Marc Chaya, a 2021 kuma Dior ta damƙa masa ragamar haɗa turarukanta. Kwalba 250 kacal aka fara yi, a cikin gilashin Baccarat, kowace a kan dubban yuro. Lambar 540 kuwa zafin wutar da ake kai gilashin da aka gauraya da garin zinariya ne kafin ya rikiɗe ya koma ja. Daga baya turaren ya shiga jerin kayan gidan nasa, Maison Francis Kurkdjian, a farar kwalba mai kusurwa huɗu da jan tambari da murfi ruwan gwal. A 2017 aka fito da mai ƙarfinsa, wanda ake rubuta wa extrait, a jar kwalba, kuma a shekarar ce kamfanin LVMH, mai Dior da Louis Vuitton, ya sayi kaso mafi rinjaye na gidan. TikTok ne ya ƙarasa kai shi ko'ina, har ya iso bakin 'yan matan Kano.

Duk wannan tarihi yana cikin farashin, kuma ban ga laifin haka ba. Sai dai amarya ba tarihi za ta shafa ba. Dole hanci ya yi aikinsa.

Wahala ta farko ita ce samun na gaskiya da zan gwada. A garin nan sunan Baccarat yana kan abubuwa barkatai. Akwai madarar turaren da ake tsiyayowa daga manyan gwangwanaye a zuba maka a 'yar kwalba, mai shago ya ce "ga Bakara," alhali ko kusa ba daga gidan Kurkdjian ta fito ba. Akwai turarukan da aka yi su don su yi kama da shi, amma kowane da sunansa da kamfaninsa. Akwai kuma jabu tsagwaronsa, da kwali da tambari da komai. In da da ɗaya daga cikin waɗannan na yi gwaji, da hukuncin da zan yanke na banza ne. Allah ya taimake ni da 'yar ƙanwar Hajiya da ke zuwa Dubai saro kaya. Tana da kwalbarta da ta saya da hannunta a wurin wakilan gidan, da rasit ɗinta. Ta sa sirinji ta zuƙo mini mililita 5 a sabuwar 'yar kwalbar fesawa, na biya ta kuɗinsa duk da ta so ta bar mini.

Ranar gwajin farko na yi wanka da sabulun da ba shi da ƙamshi, ban shafa mai ba, na nemo rigar da ba a taɓa turarawa ba. Wannan ma sai da na tona ƙasan akwati, don a ɗakina kusan babu tufar da ba ta sha hayaƙin turaren wuta ba. Na fesa a wuyan hannu, na bar shi ya sha iska, ban murza ba.

Da barasar cikinsa ta tashi, abin da ya fara bugo hancina zaƙi ne mai ɗan ƙauri, ƙamshin sukarin da ya narke a wuta ya fara yin ja. A ƙarƙashinsa akwai wani abu mai gishiri-gishiri, mai ɗan kaifi, da ke hana zaƙin ya gundure ka. 'Yata da ke gefe ta ce, "Umma, ni warin asibiti nake ji." Ba ita kaɗai ba ce, mutane da yawa suna jin haka, kuma daga ɓangaren za'afaran ɗin cikinsa abin yake fitowa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rashin nauyinsa. Mu mun saba da ƙamshi mai kauri: udu, sandal, miski, abin da ke zama a jiki ya yi dam. Wannan sakayau yake, amma sai ka ga ya cika ɗaki bai shaƙe kowa ba. Ba ka iya nuna inda yake fitowa. Ka kai hanci kan fatar ka ji kaɗan, ka ja baya ka ji ya kewaye ka. Ban taɓa sa turaren da ke yin haka ba, kuma tun a ranar na yarda cewa wanda ya haɗa shi gwani ne.

Gidan ya ce a cikinsa akwai za'afaran, furen yasmin, ambar, itacen sida da ƙaron wata bishiyar ƙasashen sanyi. Waɗanda ke cikin sana'ar kuwa sun daɗe da sanin cewa ƙashin bayansa sinadarai ne da ake haɗawa a masana'anta. Zaƙin nan daga etil maltol yake, sinadarin da ake sa wa alewa da kayan maƙulashe, wanda turaren Angel na Thierry Mugler ya fito da shi fili a 1992. Gishiri-gishirin da daɗewar daga ambroksan suke, wanda tun shekarun 1950 ake samar da shi daga wani tsiro don ya maye gurbin ambar na ainihi da ke fitowa daga cikin wata gawurtacciyar dabbar teku. Rashin nauyin da yaɗuwar kuwa aikin hediyon ne, wanda ya yi suna tun a Eau Sauvage na Dior a 1966. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake da wuyar samu. Wannan ya bambanta shi da udu na ainihi, wanda itacen kansa ne mai tsada. A nan abin da kake biya shi ne gwanintar awo, wato sanin nawa za a sa na wannan, nawa na wancan, sai suna, sai kwalba, sai hayar shagunan alfarma. A ganina gwaninta ta cancanci a biya ta. Amma ya kamata mai saye ya san abin da yake saya, kada ya ɗauka wani ruwa ne da ba a samun irinsa a duniya.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, ƙamshin ya ɓace mini ɗungum. Na shinshina hannuna, babu komai. Na tafi makarantar da nake koyarwa a kan cewa ya tashi. Bayan Azahar ina shiga ofishin malamai sai wata abokiyar aikina ta ɗago kai ta ce, "Malama, wane turare kika sa yau? Tun kina bakin ƙofa na ji shi." Ni kuwa ba na jin komai. Can wajen La'asar, ina gyara mayafi, sai ya sake bugo ni kamar yanzu na fesa, ya kuma tafiya. Haka ya yi ta yi mini duk lokacin da na sa shi.

Ba turaren ne ke tashi ba, hanci ne ke gajiya. In hanci ya daɗe yana shaƙar abu guda, sai ya daina kai saƙonsa, kuma sinadarai irin su ambroksan da dangin miski sun fi saurin jawo haka. Akwai ma mutanen da tun fil azal ba sa jin su sosai. Maigidana yana cikinsu. Na miƙa masa hannuna, ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ce shi dai ɗan zaƙi-zaƙi yake ji can nesa, in da ban faɗa ba ma ba zai san na sa wani abu ba. A tufa kuwa ba a magana. Mayafin da na fesa wa na rataye a bayan ƙofa, kwanaki suka shuɗe duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tanka.

Wannan hali nasa yana da haɗari guda. Mai sa shi, da ta ji shiru, sai ta ƙara fesawa, ta kuma ƙarawa, ita ba ta ji, mutanen da ke mota ɗaya da ita kuwa kansu na sarawa. Tun da na gane shi, na sha haɗuwa da haka a wurin biki.

Maganar maigidana ce ta sa na kira ƙanina. Turaren amarya ai don ango ake yin sa, kuma shi da ke shirin zuba rabin miliyan bai taɓa tsayawa ya shinshina abin ba. Na ba shi mayafin ban ce masa komai ba. Shi hancinsa ya kama shi sarai, ya ce yana da daɗi ƙwarai. Sai ya ƙara da cewa, "Yaya, ai na san wannan. Duk bikin da na je shi nake ji, har a banki." Da na ce masa ai shi ne Baccarat ɗinsa, ya yi shiru na ɗan lokaci. Shi a ransa yana neman abin da zai sa matarsa ta fita daban ne, ga shi ƙamshin ya zama na kowa. Ba wai duk masu wannan ƙamshi na asalin suka saya ba, mafi yawansu masu kama da shi suka sa. Amma hancin mai wucewa ba ya neman rasit.

Gwajin ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. A cikin adaidaita sahu, da rana tsaka, ga gumi, zaƙin ya yi kauri ya danne komai, har sai da na ji zuciyata na tashi. A ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki, ko bayan Magariba in iska ta ɗan kaɗo, sai ya koma turaren da ya burge ni ran farko. Turaren dare ne da wurin sanyi, a ƙasarmu dai.

Daga nan na koma kan masu kama da shi, don a nan ainihin tambayar take. Da farko ina ɗauka duk haramtattun kaya ne, ashe doka ta bambanta tsakanin kwaikwayon ƙamshi da satar suna. A Faransa kanta babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a 2006 cewa ƙamshin turare ba ya cikin abubuwan da dokar haƙƙin mallakar fasaha ke karewa. Suna da tambari da siffar kwalba su ne ake karewa. Akwai kuma na'urar da ake zuba wa ɗigon turare ta warware sinadaran cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Turaren da aka gina a kan sinadarai 'yan kaɗan sanannu kuwa ya fi sauƙin kwaikwayo. Shi ya sa kasuwa ta cika da 'yan uwansa: Ana Abiyedh Rouge na Lattafa, Club de Nuit Untold na Armaf, Red Temptation na Zara, har da Cloud na mawaƙiya Ariana Grande da ya fito a 2018, wanda mutane da yawa ke jin kamanninsu.

Na sayi ɗaya daga cikin na Dubai ɗin, wato na Lattafa da na Armaf, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na farashin na asalin ba. Na dinga sa wannan a hannun dama, wancan a hagu. Na kuma yanko ƙyallayen farin yadi na fesa musu, na yi wa kowane alama a baya, na ba ƙannena mata ranar da muka haɗu a gidan Hajiya, ban gaya musu wanne ne wanne ba. Daga nesa, a sa'ar farko, babu wadda ta iya rarrabewa da tabbaci. Wata ma na arahar ta zaɓa, ta ce ya fi fitowa. In an kai hanci kusa ne bambancin ke bayyana. Na kwaikwayon yana buɗewa da kaifi, zaƙinsa ya fi yawa, kuma a tsaye yake wuri guda, ba ya wannan zuwa da komawar. Zuwa La'asar ya zama sukari zalla, ko ya sirance ya kusa ƙarewa, na asalin kuwa yana nan da tsabtarsa da gishiri-gishirinsa har a kwanta barci. Bambancin gaskiya ne, ban yarda da masu cewa duk ɗaya ne ba. Amma bambanci ne da mai sa shi da wanda ya fi kowa kusanci da ita kaɗai za su more. 'Yan biki ba za su taɓa sani ba.

Mutumin da ya fi kowa buɗe mini ido ita ce Hajja, wata dattijuwa 'yar Maiduguri da ke zaune a unguwarmu, wadda ke haɗa humra da turaren wuta kuma take gyaran amare. Ita za ta yi wa lefen turarukan gargajiya. Na kai mata mayafin. Ta daɗe tana shinshinawa, ta nisanta shi, ta sake matso da shi, sannan ta ce, "Mai kyau ne, 'yata. Amma wannan ba ya son kishiya."

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Amarya a wurinmu ba ta sa turare a kan fata tsura. Kayanta duk sai sun hau kabbasa sun sha hayaƙi. Jikinta ya sha kulacca, gashinta ya riƙe turaren wuta, ga humra da aka dafa da farce da sandal da miski a wuya da hannuwa. Duk turaren fesawar da zai zo, a kan wannan zai sauka. Turaren da darajarsa take a rashin nauyi, in ya haɗu da hayaƙi da farce, ɓangarensa mai laushin ne zai fara nutsewa. Na koma gida na gwada. Na turara ƙyalle a kan kasko, na shafa masa baƙar humra, na fesa na asalin a kai. Na yi wa wani ƙyallen haka da na kwaikwayon. Abin da ya tsira a duka biyun zaƙin sukarin ne kawai, kuma ni kaina da na yi makonni ina bibiyarsu na kasa cewa ga wannan ga wancan. Da farar humra mai sauƙi ya ɗan fi sakewa, amma ko a nan rabin kyansa ya tafi. Wato in amarya za ta sa shi yadda amarenmu ke sa turare, ɓangaren da aka biya rabin miliyan dominsa shi ne daidai ɓangaren da ba za a ji ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da Hajiyarmu ta tayar, kuma sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko barasa. Kamar kusan duk turaren fesawa, mafi yawan ruwan cikin kwalbar barasa ce da aka narkar da ƙamshin a ciki. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin shafa irin wannan, da yawa sun halatta, wasu sun ga a nisance shi. Su Hajiya sun taso ne da Bintu Sudan, wanda ya fara fita a 1920 kuma ake yin sa a nan Kano, mai ne ba barasa a cikinsa, shi ya sa har yau hankalinsu ya fi kwanciya da madara. Wannan na bar wa amarya da gidansu, don kowane gida da fahimtar da yake bi. Na biyu shi ne fita da shi. An san hanin da ya zo a hadisi game da mace ta sa ƙamshi mai tashi ta ratsa cikin maza. Turaren da ke riga mai shi shiga ɗaki, ita kuma ba ta ma san yana tashi ba, ba na zuwa kasuwa ko wurin aiki ba ne ga macen da ke kiyaye wannan. Ni ma bayan maganar abokiyar aikina ban sake sa shi zuwa makaranta ba.

A cikin yawon sayayyar lefen na shiga wani shago, mai shagon ya ɗauko mini kwalba da kwalinta ya ce orijinal ce, ta gwaji ce da aka fitar daga kantin Turai, zai bar mini a kan kuɗin da bai kai rubu'in farashinta ba. Na duba lambar da ke gindin kwalbar, ba ta dace da ta jikin kwalin ba. Rubutun tambarin ya ɗan yi kauri, murfin ba nauyi. Na ce zan fesa a hannu in dawo da yamma, ya ce ba a buɗewa sai an biya. Ya kuma rage murya ya ce, "Hajiya, ai lefe ne. Suna kawai za a duba." Na san da yawa suna yin haka, kuma na san matsin da ke kai su. Ni dai ba zan iya ba. Ba wanda ya san abin da aka zuba a irin wannan kwalba, fatar 'yar mutane za ta hau, sannan ba na son a fara zaman aure da ƙarya a cikin akwati. Turaren kwaikwayo mai sunan kansa ya fi mini jabu mai sunan wani sau dubu.

Sauran abu guda: duk gwajin nan a jikina aka yi, kuma ba ni zan sa ba. Fata ta bambanta, hanci ya bambanta. Na aika wa amarya ragowar ta hannun yayarta, ban faɗi suna ko farashi ba, na ce ta sa a gida, wani lokaci a kan tufar da ba a turara ba, wani lokaci bayan humra, ta faɗa mini gaskiyar abin da ta ji. Amsar da ta dawo ta faranta mini rai. Ta ce tana son sa sosai, kuma ita yana daɗe mata a hanci, ba ya ɓace mata da wuri kamar yadda yake yi mini. Ta ce shi kaɗai ya fi daɗi, da daddare. Ta kuma ce ko me za a ba ta ba za ta bar humra ba.

A kan wannan na yi lissafina. Gidan yana sayar da shi a mililita 35 da 70 da 200. Ƙaramar tana wajen dala 200, kusan naira 300,000 ke nan. In aka bi ta kan kowace mililita ta fi babbar tsada, wannan gaskiya ne. Amma a ƙiyasi mililita guda tana ba da fesawa wajen 10, wato ƙaramar kwalbar ta kai fesawa 350, kuma biyu sun isa a kowane sawa. Kowane daren da ta sa shi zai tashi a kan naira 1,700 ko kusa da haka, kuma in na lokaci-lokaci ne zai kai ta shekara har da ɗoriya. Babbar kwalba a ɗakin Kano, ga zafi ga rashin wuta, tana iya juyawa kafin a ga bayanta, don zafi da hasken rana su ne ke lalata turare. Kuɗin da ya ragu na kai wa Hajja ta ƙara ingancin humra da kulacca da turaren wuta, na kuma sa kwalba guda ta na Dubai ɗin don yau da gobe.

Ni kaina ba zan saya ba. Ina son sa, amma hancina yana rasa shi, maigidana ba ya jin sa, kayana kuwa ba zan daina turara su ba. Ga ita yarinyar lissafin ya bambanta: tana jin sa, angonta yana jin sa, kuma ta san lokacin da za ta sa shi.

Ƙanina ya ɗan yi jim da na nuna masa takardar. "Yaya, ba za a raina ƙaramar kwalba ba?" Na ce masa wadda ta san turaren ta san kuɗinsa ko a wace kwalba yake, wadda ba ta sani ba kuwa ko ta mililita 200 aka sa ba za ta gane ba. Ya amince. Na ba 'yar uwarmu kuɗin da sharaɗin ta saya a inda ta sayi nata, ta taho da rasit, kada ta ɓare ledar kwalin, ta kuma riƙo shi a jakar hannu tunda bai haura mililita 100 da ake bari a shiga jirgi da ita ba. Yayar amarya kuma na riga na gaya mata a bar kwalbar a cikin kwalinta a ƙasan durowa, kada a jera ta a kan madubi kusa da taga.